Dakta Abdussamadu Tamba, Mai Ƙullin Randa

An haifi Abdussamadu Tamba a Argungu a shekarar 1957. Mahaifinsa, Tamba Maiwada, masunci ne. Mahaifiyarsa, Laraba, tana sayar da bandar kifi.

Karatu

Ya sauke Alƙur'ani, ya yi firamare a Argungu da sakandare a Birnin Kebbi, sannan a 1979 aka tura shi Jamus karatun kimiyyar haɗa sinadarai. Can ya duƙufa kan saikulodekistirin, wani zoben sukari da ake samu daga sitaci, wanda bayansa ke jituwa da ruwa, cikinsa kuwa ba ya so. Sinadarai masu fulorin, da su ma ke gudun ruwa, sukan shige ramin zoben su maƙale. Masana na kiran wannan mai masauki da baƙo.

Aiki da Iyali

Ya dawo a 1991, ya koyar a Birnin Kebbi, ya auri Ɗayyaba Ja'afar. A 2008 gwajinsa ya nuna ragowar maganin feshi mai fulorin a rijiyoyin da ke gefen fadamun shinkafa, har da wadda yayarsa Laure ke sha. Ya haɗa zobban suka zama garin da ba ya narkewa, ya ƙulla a ƙyalle, ya raba a jefa cikin randa don zobban su kama gubar, a canza duk wata.

Kuskuren

Bai faɗi yadda za a yi da tsohon ƙulli ba, domin a Jamus shara ce. A gida kuwa abin da aka jiƙa a ruwa magani ne, kuma ba a zubar da magani. Laure ta riƙa tara tsofaffin tana tafasawa tana sha, tana ba maƙwabta. Zafi kuwa yana sakin baƙon, wato gubar da ƙullin ya kama. Ta kwanta jinya a 2010, ta tashi da ƙyar, mutane suka fitar da ƙullin daga randunansu.

Bai kare kansa ba. Shekara shida yana bin gidaje da maganar da bai canza ba: "Baƙon da yash shiga ɗakin ga ba a sakinai. A bizne shi da ɗakinai." Laure ce ta fara mayar da ƙulli randarta, sauran suka biyo.

Rasuwa

Ya rasu a gidansa na unguwar Gesse, Birnin Kebbi, a 2022, aka kai shi Argungu. Da ruwan randar Laure aka yi masa wanka, aka binne shi kusa da mahaifinsa. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya huɗu: Zainulabidin, Sa'ida, Muhyiddeen da Khadijatu. Allah Ya jiƙansa.