Kindirmo Ba Ya Zuwa Huhu

Yayata ta fi kowa iya bandar kifi a unguwarmu ta Haɗeja. Tun da mijinta ya rasu ta dawo gidanmu na gado, ta kama wannan sana'a. Masunta na kawo mata tarwaɗa da karfasa daga wajen Baturiya, ta wanke, ta lanƙwasa, ta jera a kan raga bisa rabin durom, ta hura wuta a ƙasa. Duk wannan daidai ne. Abin da ba daidai ba shi ne wurin da take yi: wani tsohon ɗaki marar taga, kuma sai ta ja ƙofa ta rufe, wai don kada shirwa da kyanwa su yi mata ɓarna, kuma wai hayaƙin da aka tsare ya fi ba kifi launi. Ya ba kifi launi, ita kuma ya ba ta tari.

Da tarin ya kai ba ta iya ɗauko bokitin ruwa daga bakin famfo sai ta tsaya ta dafa bango, na kai ta asibiti. Likita ya ɗora mata abin sauraro a baya, ya sa aka ɗauki hoton ƙirjinta, sannan ya yi mana bayani. Ni mutum ne mai son a fara abu daga farkonsa, kuma likitan nan haka ya yi, shi ya sa na riƙe. Ya ce iska na shiga ta hanci, ta gangara maƙogwaro, ta rabu biyu, kowane reshe ya yi ta rarrabuwa kamar magudanan ruwa a lambun fadama, har su ƙare a wasu 'yan jakunkuna da ido ba ya gani. Bangonsu ya fi ɓawon albasa sirantaka, kuma ƙananan jijiyoyin jini sun nannaɗe su. A nan ne abin da jiki ke buƙata cikin iska, wato oksijin, yake ratsawa ya shiga jini, gurɓatacciyar iskar da jini ya kwaso kuma ta ratso ta fito. Hayaƙi yana kumbura hanyoyin, ya cika su da majina, ya cinye bangon jakunkunan, kuma wanda ya lalace ba ya dawowa. Ya ba ta magani, ya ce amma in ba ta fito da murhun nan sarari ba, numfashin da ya rage mata ma zai tafi.

Yaya ta ce, “To, likita, Allah Ya saka da alheri.” Muna fitowa ta tsayar da wata Bafulatana ta sayi kindirmo.

“Yaya, na mene ne?”

“Na wanke ƙirji mana. Duk mai aikin hayaƙi ya san wannan. Ka sha da yamma, ya bi ya goge baƙin tas.”

“Ai ba hanyarsu ɗaya ba. Ta abinci daban, ta iska daban.”

“Auta, baki nawa gare ka? Ni dai ɗaya na sani. Kuma ni na goya ka, ban ga wata hanya ta biyu ba.”

Ba a musu da babba a bakin titi. Na jira Babbar Sallah.

Ranar layya, da mahauci ya farke rago, na ce ya cire mini huhu tare da maƙogwaronsa, kada ya yanke, ya kuma bar hanyar abinci manne da tumbi. Na sa aka shimfiɗa tabarma, na roƙi Yaya ta zauna. Ta zo da ƙwaryar fura ta ajiye tsakaninmu, ta ce tunda wa'azi za a yi, gara a yi shi da ƙoshi.

Na farko, na nuna mata bututun nan biyu, ɗaya mai gurunguntsi zobe-zobe, ɗaya mai laushi. Na biyu, na sa kara a mai laushin, ya faɗa tumbi. Na uku, na goge bakin mai zoben, na yi bisimilla, na hura. Huhun ya tashi ya cika faranti, ya yi ja-ja-ja. Na saki, ya sauka.

Ta duba da kyau, ta taɓa da yatsa, ta ce, “Wannan ai na rago ne. Ka taɓa ganin rago yana bandar kifi?”

Raina ya ɓaci, amma ban bar tsari ba. Saura na huɗu, bayanin jakunkuna. Maƙoshina ya bushe da hurawa, sai na ɗebi fura a ludayi, na kai baki, na kuma ci gaba da magana a lokaci guda. Furar ta sarƙe ni. Na yi tari har hulata ta faɗa cikin farantin, hawaye na zuba, mahauci ya yar da wuƙa yana salati. Yaya ta zagayo ta dinga dukan bayana, kuma na tabbata wasu dukan ba na taimako ba ne.

Da na dawo hayyacina sai na ga tana kallon ludayin.

“Ɗan wannan ne ya bi ta hanyar iskar taka?”

Na gyaɗa kai, don murya ba ta dawo ba.

“Kuma ka kusa barin mu da nama ba a soya ba.” Ta jinjina kai. “Ashe da kindirmon da nake sha can yake zuwa, da tuni an yi sadakar arba'in ɗina. To ina amfaninsa?”

Na ɗaga yatsu huɗu, ina nufin akwai saura. Ta ce in riƙe abina.

Bayan an gama hidimar Sallah, na dawo daga masallaci da hantsi na tarar ta sa an fito da durom da raga. A gidan kaf wuri ɗaya ne mai inuwa da iska ke ratsawa ta ko'ina: rumfar da nake zama ina jin rediyo. Can ta kafa murhunta, kujerata kuwa tana jingine da bango a rana.

“Yaya, a nan?”

“Kai da likitanka kuka ce sarari. Ɗauki sandar can, in shirwa ta sauko ka kora.”

Tarin bai rabu da ita gaba ɗaya ba, likita ma bai yi mana wannan alkawari ba. Amma yanzu tana ɗauko bokitinta har ƙofar ɗaki ba ta dafa bango ba. Ni kuma ina korar shirwa.