Ranar da na hau rufin zaure

Hannuna bai gama warkewa ba, don haka rubutun nan zai ɗan karkace.

Yayana ne ya kawo satalayit ɗin daga Argungu a bayan a-kori-kura. Wani abokin aikinsa, mutumin Jos, aka mayar gida, ya bar masa. Ƙaton kwando ne na ragar ƙarfe, faɗinsa ya fi tsawon mutum. Masu ɗaura shi sai Sakkwato, Yaya kuwa ya ce ya ga yadda aka kwance shi, ɗaurawa ba za ta gagare shi ba.

Gidanmu a unguwar Nasarawa yake, katanga ɗaya ta raba mu da gidan wani dattijo mai mata a kulle. Rufin zaurenmu na kankare ne, nan kaɗai dogonyaro bai tare sama ba. A unguwarmu namiji ba ya hawa rufi sai ya ɗaga murya ya ce zai hau, ya jira a amsa masa, matan maƙwabta su shige ɗaka. Haka aka yi da safe: Yaya da abokansa suka kafa bututu, suka ɗora kwandon, suka sauko.

Saura saiti. Dole mutum ɗaya ya riƙa juya kwandon a hankali, ɗaya na gaban talabijin yana faɗin ko hoto ya fito. Yaya na shirin komawa sama sai uwargidan maƙwabcinmu, wadda muke kira Gwaggo, ta yi magana ta bayan katanga, don ranar turara shinkafa suke yi.

"Kai, mai hawa sama, gumi muka yi yau. Shinkwaha na bisa wuta. In ka tsare mu ɗaka ta lalace, kai ka cin ta?"

Yaya ya juyo ya dube ni. Na gane tun bai buɗe baki ba.

"Ke mace ta, ba mai ce miki komi. Turawa ɗai za ki yi."

"Yaya, ni ko kujera na hau jiri nika ji."

"Kin gama sakandare kina tsoron tsani?"

Inna ta ce a bar ni, amma a hankali ta faɗa. Na ɗaure zane tamau na hau.

Rufin ba shi da wani shinge. Yaya ya sassauta notin da ke riƙe kwandon don ya juyu, ya bar mini sifana in ɗaure in ya ce. Ya tayar da janareto a bakin taga, ya shige. Daga nan muryarsa kawai nake ji sama-sama: dama, dama kaɗan, koma. Daga inda nake ina ganin tsakar gidan Gwaggo, rabin duro na tafasa, mata na baza shinkafa. A gindin katanga, daidai ƙarƙashina, an shimfiɗa jaririyar surukarta a tabarma saboda inuwa.

Ƙarshen bazara ne. Ban lura da hadarin ba, don na ba gabas baya. Iska na fara ji, mai sanyi, a bayan wuyana. Iska ta biyu ta zo ta cika kwandon, ya juya da ƙarfi ya bugi kafaɗata, sifanar ta faɗi. Na cafke bakinsa da hannu biyu. Na ji yana ɗagowa daga kan bututun, yana komawa, yana ɗagowa.

A daidai lokacin Yaya ya ƙwala kira: "Ya hito! Kar ki motsa, haka nan, riƙe shi nan!"

Na kira shi, janareto ya cinye muryata. Ragar ta fara yanka mini tafin hannu. Ƙafafuna na zamewa a kan siminti zuwa bakin rufin. Idan na saki, kan jaririyar zai sauka. Idan ban saki ba, tare za mu tafi. Na san wannan sarai, kuma ban iya tuna addu'a ko ɗaya ba sai sunan Allah da nake ta maimaitawa.

Matan na can suna rububin kwashe shinkafa kafin ruwa, ba mai duban sama. Na yi ta kiran Gwaggo har ta ɗago kai.

"Ɗauke ta," na ce. "Ɗiyar, ku ɗauke ta."

Ban san ko ta ji ba, ko fuskata ta gani. Ta yar da ƙwarya ta ruga, tsohuwar da ke tafiya da ƙyar, ta suri yarinyar da tabarmar gaba ɗaya.

Hoton ya ɗauke, shi ya fito da Yaya. Na ji shi a gindin tsani, na ji daɗi. Sai na ji ya tsaya yana cewa, "Salamu alaikum, namiji zai hau." Ya tsaya jiran amsa, yadda aka koya masa tun yana yaro.

"Hau, ɗan nema!" in ji Gwaggo. "Ni nac canza maka tsumma, mi za ka gani?" Ta dube ni. "Sake shi, ɗiyata. Ba kowa ƙasa. Sake."

Yatsuna suka ƙi buɗewa. Yaya ne ya rungumo ƙuguna ta baya ya fizge ni muka faɗi zaune. Kwandon ya tashi, ya daki kan katanga, ya kife a inda tabarmar take. Ƙasar wurin ta tone.

Ruwa ya sauko muna nan zaune. Yaya na ta ce mini mu sauka, na kasa miƙewa. Sai da Inna, wadda ban taɓa gani a kan tsani ba, ta hau har tsakiyarsa tana kama ƙafata tana ɗora ta a mataki ɗaya bayan ɗaya, sannan na sauko.

Da la'asar uwar jaririyar ta shigo da man kaɗe a murfin gwangwani. Sa'ata ce, tare muka yi firamare. Ta zauna ta buɗe tafin hannuna tana shafawa. Ba ta yi godiya ba, ni ma ban ba ta haƙuri ba. Ta yi ta shafawa har man ya zube mata a zane.