Gesine Tapken da Goɗiyarta ta Ƙarshe

Ranar Talata, sha shida ga watan Afrilu, da hantsi, Mai rai da mutuwa ya aiko a mayar masa da aron da ya ba mu. Gesine Tapken ta rasu a wani asibiti a Oldenburg tana da shekara saba'in da takwas, bayan ciwon zuciyar da ta daɗe tana ɓoye mana. Ɗanta Eilert ne ya bugo mini waya ina tsakar share barga. Na ce masa na ji, na mayar da wayar aljihu, na ci gaba da shara, don ban san abin da zan yi da hannuwana ba.

Ƙungiyar masu kiwon dawaki da gasar horo ta yankinmu ta ce ni zan rubuta wani abu a kanki, Gesine. Ni Harm, maƙwabcinki, tsohon maƙerin da ya ƙare ƙuruciyarsa a duƙe ƙarƙashin dawakinki yana buga musu takalmi. Na ce musu linzami ya fi ƙarfin bakin kaza, suka ce babu wanda ya rage da ya san ki kamar ni. Gaskiyarsu ce, kuma wannan gaskiyar ita ta fi komai gajiyar da ni. Baƙar kwat ɗina ta daina komawa cikin kabad. A bayan ƙofa take rataye yanzu, don kafin in kai ta wanki an sake kiran mu maƙabarta.

Ke kika riƙe wannan ƙungiya tun ana cika fili har aka fara ƙirga kujerun da ba kowa. Ranar gasarmu ta shekara ke ce farkon zuwa. Kafin alƙalai su iso kin ja manjagara kin daidaita yashin filin, kin kafa allunan da ke gefensa, kin leƙa rumfar mata kin ɗanɗana kek ɗin kowa kin faɗi wanda sukari ya yi wa yawa. Sannan ki sa farin wando ki hau, ki shiga fili a zaune cak, doki na tako da sassarfa da sukuwa a ƙarƙashinki ba wanda zai ce ga inda kika taɓa shi. Yau mu da ke jan manjagarar duk gwiwoyinmu ƙara suke yi. Matasa suna zuwa, su hau, su karɓi kyautarsu, su loda doki a mota kafin a tattara kujeru. Na sha yin mita a kan haka, ki ce mini, "Kai maƙeri, bar su. Da ba su zo ba, wa za ka yi wa mitar?"

Ba zan ce ke mai sauƙin hali ba ce, don waɗanda za su karanta wannan sun san ki. Akwai shekarar da rufin bargarki ke yoyo, wani baƙo ya zo daga nesa a cikin wata zabgegiyar mota zai sayi aharas ɗinki, wanda ya fi kowane doki kyan tafiya a yankin. Ya hau ya zaga fili, ya sauko yana murmushi ya ce dokin ya yi masa. Kika ce, "Kai ne ba ka yi masa ba, bawan Allah. Hannunka ya yi nauyi, kaiminka kuma ba ya hutawa." Amma ba ki bar shi ya tafi haka ba. Sai da kika zaunar da shi kika zuba masa shayi kofi uku da dunƙulen sukari kamar kowane baƙo, sannan kika raka shi mota. Damina biyu muna tarar ruwa da bokiti a bargar nan.

Alherin da kika yi mini kuwa ban taɓa gode miki ba, don na san za ki musa. Lokacin da matata Insa ta rasu na rufe maƙerata, na sauke labule, ban son ganin kowa. Mutane suka kawo miya, suka kawo furanni, suka gaji suka daina. Ke ba ki kawo komai ba sai doki. Kullum da safe ki tsaya a ƙofata da ragama a hannu, ki ce takalmin wannan ya saki. In fito ina ƙunƙuni, in ɗaga ƙafar, in ga ƙusa ɗaya ce ta fita, kuma alamar awartaki na nan a jikinta. Gobe ki kawo wani. Haka kika riƙa zare wa dawakinki ƙusoshi har kakar ta wuce, ni kuma ina mayarwa, ba wanda ya ce wa ɗan'uwansa uffan. A wannan lokacin ne na koma cin abinci.

Abin da ya fi komai girma a ranki kowa ya san shi: zuriyar goɗiyoyin gidan Tapken. A gidajen kiwo irin namu namiji na sayarwa ne, ko da zai kai ƙasar waje ya ciyo lambar zinariya. Mace ta fari kuwa ba ta fita, ita ke gadon uwarta a barga, ita ma ta bar tata. Zuriyar gidanku ta faro ne daga goɗiyar da kakan babanki ke jan garma da ita a wannan laka tamu, uwa na miƙa wa 'ya, ba ta taɓa yankewa ba ko a shekarun yaƙi. Har ta iso kan Amsel, baƙar goɗiyar nan mai farin goshi. Ita kuwa Amsel sai ta bushe da haihuwar maza. Kyawawa, masu tsayin ƙafa, duk sun yi suna, amma ba ɗaya da zai riƙe gida. Mace ɗaya da ta taɓa samu ba ta kwana a duniya ba. Kina yi mata tsiya kina sosa mata wuya, kina ce mata uwar samari. Mu dai mun san abin yana cin ki.

Bara kika sake kai ta tashar barbara, tana da shekara ashirin da ɗaya. Likitan dabbobi ya ce tsufa ya kama mata baya, amma za ta iya. Duk ƙungiya ta ɗauki cikin nan kamar nata. In an haɗu a coci ko a kanti, kafin a tambayi lafiyarki an tambayi ta Amsel.

Kina kwance a asibiti ta haihu, da sanyin safiyar wata Juma'a, ni da likita muna kanta. Haihuwar ta yi wuya. Da na wanke hannu na kama hanyar Oldenburg, ina ta juya yadda zan faɗa miki. Na same ki kin rame, an jona miki robobi a hanci, amma idon nan yana nan yadda na san shi. Na ɗauka za ki tambayi duƙushin. Sai kika ce, "Amsel ta tashi da kanta?"

Na ce, "Sai da muka zarga mata igiya muka ɗaga ta."

Kika ce, "To, faɗi. Namiji ne, ko? Fuskarka kamar an aiko ka karɓar gawa."

Na ce namiji ne. Kika yi dariya har tari ya sarƙe ki, kika ce uwar samari ba ta canja hali. Da numfashinki ya daidaita kika kama hannuna. Kika ce, "Ji nan, maƙeri. Rana ta tara 'yan ƙungiya za su zo maka da mota. Onno namu na ƙungiya zai zo da hawayensa. Kada ka bari a loda ta."

Kowa a nan ya san rana ta tara. Ita ce ranar da goɗiya mai jego ke sake neman namiji, kuma tun zamanin kakanni a ranar ake mayar da ita tasha. Ga mai shekarun Amsel, in wannan ta wuce, da wuya a sami wata. Na yi miki gardama, don ni ma ina son macen nan kamar in yi me. Na ce sau ɗaya kawai, Gesine, wa ya sani ko wannan karon a dace. Na ce zuriyar kakanki fa?

Kika ce, "Zuriya ba ta jin ciwon baya, Harm. Amsel ce ke ji. Bara ma bai kamata in kai ta ba." Kika juya fuska bango, kika ce in tafi in ba dawaki ruwa. Ban sake ganinki da rai ba.

Abin da kika faɗa kuwa bai saɓa ba. Ranar da muka binne ki, ana shan shayi ana cin kek ɗin makoki, Onno Bruns, wanda ya gaje ki a shugabancin ƙungiya, ya miƙe ya ce babu karramawar da ta dace da ke kamar a raya zuriyar Tapken. Ya ce ƙungiya za ta ɗauki nauyin komai, in aka sami mace ta zama ta kowa. Aka yi ta tafi, wasu na share ido. Eilert, wanda tun yana saurayi ya koma Hamburg yake aikin jiragen ruwa kuma bai san gaban doki da bayansa ba, ya ce duk abin da zai faranta wa mahaifiyarsa ya yarda. Ni ina zaune da kofi a hannu na kasa buɗe baki. Mutane ne masu ƙaunarki, a ranar binne ki, ta ina zan fara?

Ranar Lahadi, wato rana ta tara, bayan an tashi daga coci sai ga su, kusan duk tsofaffin ƙungiya, da motar ɗaukar doki an shimfiɗa mata sabuwar ciyawa. Na tsaya a ƙofar barga na faɗa musu saƙonki. Onno ya yi jajir. Ya ce, "Haba Harm! Matar da ta ƙare rayuwarta tana jiran macen nan? Kai kaɗai ka ji wannan magana, kuma mara lafiya ce cike da magani." Wata ta ce ko dai tsufa ne ya fara taɓa ni. Eilert na tsaye yana duban wannan yana duban wancan. Ba ni da shaida, ba ni kuma da iko a kan goɗiyar. Na ce musu, "Shi ke nan. Ku ba ta hanya ta taka da kanta zuwa motar, kada kowa ya ja ta."

Na buɗe ƙofa. Amsel ta fito a hankali, ɗanta na tsalle a gefenta. Tsakanin barga da mota tafiya ce 'yar kaɗan a kan daɓen bulo, kuma waɗanda ke tsaye a wurin mutane ne da suka tsufa suna kallon takon dawaki, sun san abin da ƙafa ke faɗa. Suka ga yadda take jan kofaton baya na hagu, suka ji ƙararsa a kan bulo. Suka ga yadda ƙugunta ke nitsewa a kowane taku, da yadda ta tsaya a tsakiya ta huta. Duk da haka ta nufi motar, don tun tana ƙarama ba ta taɓa ƙin shiga ba. Ta ɗora ƙafa ɗaya a kan matakala tana jiran a ce ta hau.

Onno ne ya riga kowa isa wurinta. Ya dafa mata ƙirji ya mayar da ita baya, yana ce mata, "A'a, tsohuwa, a'a." Da hannunsa ya ɗaga matakalar ya sa sakata. Suka shiga motocinsu ɗaya bayan ɗaya, muka rage ni da Eilert, ya tambaye ni ko zan koya masa yadda ake sa ragama.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Eilert da matarsa da 'ya'yansu, ga dangin Tapken na kusa da na nesa, ga Onno da sauran 'yan ƙungiya, waɗanda ba su yi nufin komai ba sai alheri. Allah ya ba mu haƙurin rashi, ya sa waɗanda za su zo bayanmu su fi mu ƙarfin gwiwa.

Ke kuwa Gesine, Allah ya jiƙan ki, ya yafe miki kurakuranki da kaifin harshenki, ya tausaya miki fiye da yadda kika tausaya wa dabbar da ba ta iya roƙo. Ya ba ki hutu, don kin yi aiki. Amsel tana makiyayar bayan gida, tana cin ciyawa tana shayar da ɗanta, kuma ranar da ta kwanta zuriyar gidanku ta ƙare ke nan. Har yanzu in na tuna sai raina ya ɓaci, kuma ban gama huce haushin aikin da kika bar mini ba. Amma na yi shi.