Baƙuwa a Ƙofar Alƙalin Madarumfa

Inde tana suyar kifi daura da zauren alƙali, amma hankalinta yana kan baƙuwar da ke tsugune a ƙofa tun hantsi. Doguwa ce, baƙa, zanen saƙinta ya yage ta gefe, wuyan hannunta a kumbure. Kaushin ƙafarta ya nuna manomiya ce, wataƙila daga wajen Safo. Ba miji tare da ita, ba wa. Inde tana tunanin ko gwauruwa ce mai noman gero ita kaɗai.

Kowa a kasuwa ya ji zancen. Wani ya tare ta a hanyar gona ya yi mata fyaɗe, yanzu kuma yana rantsuwa cewa da yardarta aka yi. In alƙali ya gaskata shi, bulalar zina ta hau kanta.

Can muryar alƙali ta fito har waje: "Masunta biyu sun ji kururuwarta, sun tarar tana riƙe da rigarsa. Wadda aka fi ƙarfinta ba ta yi zina ba. Hukunci nasa ne shi kaɗai."

 Baƙuwar ta miƙe, ta gyara ɗaurin zane, ta nufo kaskon Inde.

"Iya, da sauran mai zafi? Rabona da abinci tun ranar."

Inde ta tura mata kujera, ta zaɓo mata kifi mafi girma. "Zauna, ɗiyata. Ci a hankali, akwai ƙaya."