Mutumin da Ake Sarewa

A tashar jirgin ƙasa ta Uzumasa, kusa da inda ake shirya finafinan takobi, wani dattijo yana tsaye riƙe da abincinsa a ƙulle cikin ƙyalle. An aske masa goshi har tsakiyar ka saboda gashin aron da ake sa masa a fim. Na san wannan ƙeyar. Shekara da shekaru ina ganinta a sinima: jarumi ya zare takobi, ko'ina ya yi tsit, sai ƙeyar ta sulale ƙasa. Fuskar ce ban taɓa gani ba.

Ana yayyafi. Yana takawa, takalmin katakonsa ya zame. Bai kai hannu ya tare ba. Sai ya juya, ya faɗi fuskarsa na kallon bango, yadda ake koya wa masu mutuwa a fim don a sake kashe su a gaba ba tare da an gane su ba. Yana kwance, ko motsi.

Mu da ke tashar muna tsaye muna kallo. Ban ji komai ba, na saba ganinsa haka.

Mai gasa dankali ta leƙo daga rumfarta. "Baba Genzo, tashi mana! Ba mai ɗaukar ka a nan. Yau sau nawa ka mutu?"

"Ko ɗaya," in ji shi daga ƙasa. "Sun sallame ni. Wai gwiwata tana ƙara idan na faɗi."

Ya miƙe da ƙyar, haɓarsa tana jini. Ya shafa, ya daɗe yana duban yatsunsa.

"Na wurin aiki ya fi wannan kama da jini," ya ce.