Yatsu Huɗu da Na Ƙara wa Jirgin Mata

Edita, ina yi maka sallama tare da masu karatu. A shekarun da abin nan ya faru ni kafintan jirgin ruwa ne a Rurum, ina da rumfar aiki a bakin dam, da mata ɗaya da 'ya'ya uku, da girman kai wanda ya fi rumfar faɗi. Kwale-kwalen katako nake haɗa wa masunta, kuma ba yabon kai ba, jirgina ba ya yoyo. Daga Dawaki har Kibiya ana zuwa nemana. Wannan ya sa na ɗauka duk abin da ya shafi ruwa da katako ni na fi kowa sani, har idan ana gardama a majalisa ba na bari mutum ya kai ƙarshen zancensa. Yau na tsufa kaɗan, kan ya sauko, shi ya sa na ga ya kamata in faɗi wani kuskure da na tafka, ko Allah ya sa wani ya tsira da shi.

Duk shekara bayan an kai amfanin gona gida, masuntanmu kan yi tseren kwale-kwale. Mutum huɗu ne a kowane jirgi. Ana tashi daga gaɓa a nufi wani tsibirin dutse da ke can tsakiyar ruwa, a kewaye shi a dawo. Wurin yana da nisa, har wanda ke tsaye a gaɓa yakan daina bambance jirgi da jirgi, kuma a can iska ba ta da mutunci, tana tayar da ruwa ya riƙa dukan jirgi ta gefe. Rago ɗaya ne kyautar, amma ba ragon ake yi wa ba, sunan ake nema. To, sai wani dillalin kifi daga cikin garin Rano ya sa aka haɗa masa wani siririn jirgi dogo wanda ba ya kamun kifi, ba ya ɗaukar kaya, tsere kawai ya sani. Shekara uku a jere yaransa na cinye ragon. Masunta da ke shiga da jiragen aikinsu masu nauyi suka fara gunaguni, har aka kai maganar ƙofar gidan Sarkin Ruwa.

An yi zama uku ana fafatawa. Dillalin ya ce iya zaɓen jirgi shi ma gwaninta ne, wanda ya ga nasa ya fi gudu ya je ya haɗa irinsa, babu wanda ya riƙe masa hannu. Tsofaffin masunta suka ce in haka ne ai ba tseren mutane ake yi ba, tseren katako ne, gara a jera jiragen a gaɓa a ba wanda ya fi kyau rago kowa ya huta. Ni na goyi bayan tsofaffin da babbar murya, kuma gaskiya ba don adalci kaɗai ba, na san aikin a hannuna zai faɗo. Aka tsayar cewa za a haɗa jirage shida iri ɗaya sak, domin a ga ƙarfin dantse da iya tuƙi. Sarkin Ruwa ya sa aka yanko sandar gora, aka yi mata tsaga uku, ta tsawo da ta faɗi da ta zurfi, ya miƙo mini ita a gaban jama'a ya ce amana ce.

Ana cikin haka sai yayata ta shigo zancen. Ita ta goye ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, kuma tun da mijinta ya rasu take shiga ruwa da kanta kowace safiya, ta tari masunta a can ciki ta sayi kifi tun kafin dillalai su gani, ta kawo ta yi banda. Mace ce mai kazar-kazar, ba ta da tsawo, amma idan ta kama filafili sai ka rantse da shi aka haife ta. Ta je wurin Sarkin Ruwa ita da wasu mata uku masu irin sana'arta, ta ce a da sun yi shiru ne saboda ba su da jirgin da za su kara da shi, yanzu tunda duk iri ɗaya ne, a ba mata guda. Nan gari ya ɗauka. Wasu suka ce abin kunya ne, wasu suka ce ai kullum matan nan cikin ruwan suke ba wanda ya ce kunya, sai yau da aka zo maganar rago. Liman ya ce shi bai ga laifi ba muddin sun yi shiga ta mutunci, su kaɗai ne a jirginsu, kuma masu miji mazajensu sun amince. A ƙarshe Sarkin Ruwa ya yanke cewa za a gwada sau ɗaya. Idan suka wuce ko da jirgin maza guda ne, kowace shekara suna da jirgi. Idan suka zo na ƙarshe, an rufe maganar ke nan. Ya kuma ce in shafa wa goshin nasu koren fenti don a gane shi daga nesa.

A nan Shaiɗan ya same ni, kuma ya zo mini ne da rigar tausayi. Jirgin tseren siriri ne, mai saurin kifewa, ni kuma na taɓa ganin abin da ruwan tsibirin nan ya yi wa ƙarti. Na riƙa ganin Yaya a cikin ruwa, zani ya naɗe mata ƙafa. Wannan tsoron gaskiya ne. Amma akwai wani abu a ƙarƙashinsa da na daɗe ban yarda na kalla ba: ba na son a wayi gari ana yi wa abokan hirata dariya cewa yayar kafinta ta tsere musu. Da na zo kan jirgi na shida, sai na ƙara masa yatsu huɗu a faɗi, na kuma sa masa katakon ƙasa mai kauri. Da rana tsaka na yi, mutane na wucewa suna yi mini sannu da aiki. Ba wanda ya auna, don sandar tana hannuna kuma maganata ta isa. A ido ba za ka gane ba, sai dai a ruwa. Na shafa koren fenti ina gaya wa kaina cewa na ceci rai huɗu.

Ranar tsere da hantsi gaɓa ta cika maƙil, 'yan acaɓa sai sauke mutane suke yi. Yaya ta zauna a baya, wurin mai juya jirgi. Ta ja filafili sau biyu don su daidaita a layi, sai ta ɗago kai ta neme ni cikin taro har ta same ni. Kallo ɗaya ta yi mini. Aka busa usur. Wallahi matan nan sun yi tuƙi. Hannunsu ɗaya, ba mai riga wata, yayin da wasu mazan ke ta fantsama ruwa kamar masu wanki. Har tsibiri suna kafaɗa da kafaɗa da jirage biyu. A dawowa ne iska ta tare su ta gaba, faffaɗan jirgin ya zama kamar ana tura ƙofa. Ina tsaye ina kallon koren goshin nan yana ja baya a hankali, Yaya na kwantawa a kan filafili da dukkan jikinta. Suka zo na ƙarshe, tsakaninsu da na biyar bai fi tsawon jirgi biyu ba. Ta fito tana riƙe da kafaɗar dama.

Aka yi dariya, aka yi musu sannu irin wadda ta fi zagi ciwo, Sarkin Ruwa ya ce alkawari ya cika, an rufe magana. Ni kuwa sai yabo ake yi mini, wai jirage shida ba wanda ya kife. Kafaɗar Yaya ta ƙi lafawa. Mai ɗori ya ce ba karaya ba ce, a asibiti kuma aka ce jijiya ce ta yage, ta daina tuƙi mai ƙarfi. Dole ta koma jiran kifi a gaɓa kamar kowa. Wata da watanni ba ta tayar mini da zancen ba. Tana aiko wa yarana bandar tarwaɗa yadda ta saba, idan mun haɗu ta tsokane ni da cewa tumbina ya fara rigana shiga ɗaki. Da zagina ta yi da na fi samun sauƙi. Kifin nan idan aka sa shi a miya sai in kasa ci, matata har ta fara tambaya ko ba ni da lafiya.

Sai da damina ta sauka na kasa jurewa. Na same ta a gida tana juya kifi a kan wuta da hannun hagu, na tsuguna na fara kame-kame. Ta katse ni ta ce in daina wahalar da bakina, tun jan filafili na biyu ta sani, shekara nawa tana tuƙa jiragen da na haɗa. Na tambaye ta me ya hana ta faɗa a wurin. Ta ce da ta faɗa, cewa za a yi mace ta sha kaye tana neman abin fakewa, in kuma aka auna aka ga gaskiya, sunan ƙaninta ne zai zube a gaban duniya, ita kuwa ba ta goye ni don ta kunyata ni ba. Na ce mata tsoro ne ya sa ni. Ta ce to me ya sa ban zo na gaya mata tsoron ba, in bar ta ta zaɓa da kanta, ko ita ba ta san ruwan ba ne. Ba ta ce in je in tona kaina ba. Abu ɗaya ta ƙara, cewa ba kafaɗar ce ke damunta ba, matan nan uku ne, waɗanda har yau suke ganin ƙarfinsu ne bai kai ba. Na tashi na fita.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na roƙi Sarkin Ruwa da dattawa su biyo ni bakin ruwa. Na ɗora sandar a kan jirgi mai koren goshi, kowa ya ga yadda bakinsa ya zarce tsagar. Na faɗi abin da na yi ban rage komai ba. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige. Dillalin nan ya samu abin da yake so, ya ce ga shi nan, dama jirgi iri ɗaya tatsuniya ce, a koma yadda ake. Wani tsohon masunci ya ce masa ba tsarin ne ya yi ƙarya ba, kafinta ne. Sarkin Ruwa ya karɓe sandar daga hannuna. Ya ce daga yau mutum uku za su riƙa awo, ba sauran fenti, kuma da safiyar tsere za a jefa ƙuri'a kowa ya hau jirgin da ya faɗo masa. Ya ce gwajin mata bai yiwu ba, za a sake. Ni kuma aka ce in gyara jirgin da na ɓata, sannan shekara biyu kada in taɓa jirgin tsere.

Da shekara ta zagayo mata suka zo na huɗu cikin shida. Yanzu jirage biyu suke cikawa, kuma mazan da suka fi kowa dariya a da su ne ke zuwa leƙen yadda suke haɗa hannu. Yaya ce ke koya musu daga gaɓa, tana yi musu tsawa kamar sojoji. Ranar da suka zo na huɗun nan ita ta fara rangaɗa guɗa, na juya na ga ta ɗaga hannun hagu sama, na daman yana rataye a gefenta. Ba ta cikin jirgin, kuma ba ta sake shiga tsere ba.

Alhamdu lillahi, yau ina zaune lafiya. Aikina ya dawo, mutane sun ma fi yarda da ni tunda suka ga na iya tona kaina, kuma ni da Yaya muna zama mu yi ta dariya, takan ce wa masu sayen jirgi su auna da kyau don ƙaninta yana da kyauta a hannu. Ta yafe mini tun kafin in roƙa. Abin da na koya shi ne, tausayin da ake yi wa mutum a ɓoye, a yanke masa hukunci ba da saninsa ba, raini ne, ko da mai yinsa yana hawaye. Ina kira ga duk wanda aka ba amanar awo, kafinta ne ko alƙalin wasa ko uba a gidansa, idan aka ce a daidaita to ya daidaita. In kana jin tsoro a kan 'yar'uwarka ko matarka ko 'yarka, buɗe baki ka gaya mata, ka saurari abin da za ta ce. Kada ka rage mata hanya a asirce sannan ka tsaya cikin masu cewa ta kasa. Katakon na gyara shi cikin kwana uku. Amma tsere ɗaya tak Allah ya rubuta wa yayata a duniya, kuma ni na cinye mata shi.