Jan Biron Tsohon Matuƙi

A shekarun da kowa a Maiduguri ke tsoron inuwarsa, ni mai walda ne a unguwar Gomari, ga saurin baki ga saurin zargi. Wannan maganar ko matata ban taɓa gaya wa ba.

Katanga ɗaya ta raba ni da wani dattijo da nake kira Baba, tsohon matuƙin jirgin feshin tsuntsaye masu cinye gero. Da ya bar aiki sai ya sayi wani ƙaramin jirgi mai inji ɗaya, wanda ya girme ni, ya ajiye shi a wata rumfa a filin jirgi. Kafin rikici ya taɓa ɗaukata muka zaga saman tafkin Alau, ina ta salati, shi yana dariya, wai mai wasa da wuta ne ke tsoron iska. Da aka hana irinsu tashi, bai fasa zuwa duk Asabar ya tayar da injin ba, wai ƙarfe ma in ya zauna ciwo yake yi.

To, nan shaiɗan ya samu ƙofa. Jirgin da ba ya tashi, me ake nema a wurinsa? Rannan ya kira ni gida in yi masa waldar wani ƙarfe, sai na ga wayoyi, kwalaben mai, da taswira a shimfiɗe, an zagaye wurare da jan biro: filin makaranta, filin Idi, har fegin bayan gidajenmu. Lokacin ba a daɗe da tashin bam a kasuwa ba. Wallahi ko kalma ɗaya ban tambaye shi ba, na je na tsegunta wa 'yan sintirin unguwa.

Wata huɗu Baba ya yi a tsare a hannun jami'an tsaro. Aka wargaza jirgin ana bincike, ba a samu komai ba, aka bar shi a rana. Baba ya dawo yana dogara sanda, tuƙi ya ƙare.

Na shiga yi masa jaje kamar kowa, kai, munafunci dai! Ya kira ni ɗana kamar kullum. Ya ce an yi ta tambayarsa kan taswirar, kuma ni kaɗai na taɓa ganinta. Ya ce matuƙin jirgi mai inji ɗaya ba ya tashi sai ya san inda zai sauka in injin ya mutu, shi ya sa yake zagaye duk fili mai faɗi. Fegin bayan gida kuwa ya fi kwanta masa a rai, don ya san in ya faɗo nan, ni zan fara rugowa in ciro shi.

Ya rasu ban iya buɗe baki na nemi gafararsa ba, kunya ta hana ni. Jama'a, tsoro ba hujja ba ne. Kafin ka kai sunan maƙwabcinka gaba, ka tambaye shi. Tambaya ɗaya na ƙi yi, ga shi har yau ina zagaye hanya don kada in bi ta fegin nan.